Datti Daban, Tsufa Daban



Duk wanda ya tashi a gidan liman ya san ɗakin ajiyar gidan ba na masu gidan kaɗai ba ne. Matafiyi yakan bar akwatinsa, masu jayayya sukan kawo takardar fili, idan kuma aka yi rasuwa a unguwa, sau da yawa a nan ake tara kayan mamaci har ranar da za a zauna rabon gado. Ta haka muka ga keken ɗinki da rediyo da agogon bango sun kwana a gidanmu da ke New-Bell cikin birnin Duwala, ta haka kuma wata tsohuwar jitar bas ta shigo hannunmu. Mun san malamai sun yi maganganu masu yawa a kan kiɗa, wannan kuwa ba shi ne fagenmu a yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne dukiyar magada da aka damƙa mana, da yadda za a tsabtace ta ba tare da an rage mata daraja ko an yaudari mai saye ba. A cikin aikin muka gane cewa datti daban, tsufa daban, kuma gwanin gyara shi ne wanda ya iya rarrabe su.

Ga wanda bai san ta ba, jitar bas 'yar'uwar jita ce, sai dai ta fi ta tsawon wuya da kaurin tsirkiya da zurfin murya. Galibi tsirkiyoyinta 4 ne, duk na ƙarfe, kuma tsawon kowace daga bakin kai zuwa jaki, wato wurin da suke zama a kan gangar jiki, ya kai kimanin santimita 86. Wani Ba'amurke da ya fara sana'a da gyaran rediyo, Leo Fender, shi ne ya fitar da ita kasuwa har ta karɓu. A 1951 ya ƙera wadda ya kira Precision Bass a jihar Kalifoniya, a 1960 kuma ya biyo ta da Jazz Bass. Kafin nan makaɗa suna fama ne da wani ƙaton goge na katako da ya kai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka ga ƙarancin amo. A shekarun 1970 masana'antun Japan suka riƙa ƙera irinta a farashi mai sauƙi, irin waɗannan ne da yawa suka shigo tashoshin jiragen ruwan Afirka.

Mu 'yan Kamaru muna da dalilin sanin wannan abin kiɗa ko da ba mu taɓa riƙe shi ba, domin kiɗan makosa na Duwala a kan bas ya dogara, kuma ƙasar nan ta yi suna a duniya da masu kaɗa shi. Jean Dikoto Mandengue ya yi aiki da ƙungiyar Osibisa, Armand Sabal-Lecco ya yi da Paul Simon a 1990, ga Étienne Mbappé, ga Richard Bona wanda aka haifa a Minta a 1967 ya kuma ƙware a nan Duwala. Bayan waɗannan da suka yi fice, akwai wasu masu yawa da suka ci abinci da sana'ar a otal-otal da wuraren biki, sunansu bai wuce unguwarsu ba.

Maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa, ɗaya ne daga cikinsu. Ya yi kiɗa a Akwa tun yana saurayi har zuwa ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan ya ajiye ya koma tuƙin mota. Mu dai da wayonmu direba muka san shi. Da ya rasu ya bar mata da 'ya'ya 5, biyu daga ciki ba su gama makaranta ba. Cikin kayan da aka kawo gidanmu har da wani dogon baƙin akwati da aka sauko da shi daga saman kabad, inda ya shafe sama da shekara 30. Da aka buɗe shi sai wari ya bugi kowa. Fumfuna ta rufe mayafin ciki, kyankyasai sun yi gida a kusurwa, tsirkiyoyi sun yi ja da tsatsa, ƙarafan da ke gicciye a wuya sun yi kore, gangar jikin kuma ta yi wani irin danƙo na gumi da hayaƙi da ƙura, har ba a iya cewa ga launinta na asali.

Nan da nan shawarwari suka fara zuwa. Wani dillalin tsofaffin kaya ya duba ta da gefen ido ya taya sefa 10,000, ya ce ko hakan don ƙarafan jikinta ne. Wani mai fentin mota, da kyakkyawar niyya, ya ce a ba shi kwana biyu ya goge ta da sanfefa har katako ya fito, ya fesa mata jan fenti ta koma sabuwa fil. Wani saurayi kuma ya raɗa mana cewa tun da ƙirarta irin ta Fender ce, a kankare sunan da ke kanta a manna na Fender, kuɗinta zai ninka. Muka kai wa mahaifinmu duk abin da aka ce. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce: “Kayan marayu ne. Kada ku rage masa komai, kada kuma ku ƙara masa abin da ba nasa ba. Ku cire masa datti kawai, a gan shi yadda yake, sa'an nan a yi masa kuɗi.”

Umurnin gajere ne, amma cika shi yana bukatar sani. Saboda haka muka nemi wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, muka gaya masa halin da ake ciki. Ya ce ba shi da lokacin yin wankin da kansa, amma zai nuna mana hanya, abin da ya shafi wuta da miƙe wuya kuma mu bar masa. Ƙa'idar da ya ba mu ɗaya ce: a fara da abin da ya fi komai laushi, kada a matsa zuwa na gaba sai na farko ya gaza, a kuma tsaya da zarar datti ya fita. Dalilinsa shi ne datti idan ya rage gobe ma rana ce, amma fenti ko katakon da aka kankare ba ya dawowa.

Kafin mu taɓa komai sai da muka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, domin mu san inda kowane abu yake, domin kuma magada su ga yadda ta zo hannunmu. Muka shimfiɗa bargo a kan tebur a inuwa, muka jera kwalayen ashana, kowane da rubutu a bayansa, saboda kusoshin jita sun bambanta da juna, kuma dogon kusa idan ya shiga ramin gajere yana iya fasa katako. Tsirkiyoyin muka sassauta su a hankali ɗaya bayan ɗaya. Ba a yanke su suna ɗaure, domin su huɗun tare suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 80, sakin wannan nauyi farat ɗaya kuwa haɗari ne ga wuyan da kuma idon mai aiki. A cikin wuyan akwai wata sandar ƙarfe da ke riƙe shi kada ya tanƙware. Ita ba mu taɓa ba.

Aikin farko shi ne kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi. Mai gaggawa yakan tsallake wannan ya kama tsumma, alhali ƙura yashi ce mai laushi, idan aka murza ta a kan fenti sai ta bar zane-zane da ba sa fita. Bayan buroshi sai tsumman tsohuwar rigar auduga da aka jiƙa aka matse sarai, ana gogewa kaɗan-kaɗan ana bi da busasshe, ba a barin ruwa ya kwanta, musamman inda fenti ya tsage, domin katako yana shan ruwa ya kumbura ya ɗaga fentin. Wannan kaɗai ya cire fiye da rabin danƙon. Abin da ya ƙi fita, kamar maiƙon hannu da sauran gam na wata takarda da aka taɓa mannawa, muka bi shi da ɗigon man layita a kan tsumma. Man layita yana narkar da maiƙo, yana bushewa da sauri, kuma ba ya cin fentin jita, amma yana kama wuta, don haka a sarari ake aiki da shi, nesa da murhu da yara.

A nan akwai abin lura. Fentin jita iri biyu ne. Na dā, wanda ake kira nitiro, siriri ne mai saurin lalacewa, shi Fender ya yi amfani da shi har zuwa ƙarshen shekarun 1960. Alkol da tina da ruwan goge jan farce duk suna iya lalata shi. Na baya, mai kauri kamar gilashi, ya fi jurewa. Tun da ido ba koyaushe yake rarrabe su ba, duk abin da za a shafa sai a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin farantin roba da ke gaban jita. Man goge kujeru da teburan falo ma a nisance shi, domin da yawansu suna ɗauke da silikon, wanda ke shiga tsagar fenti ya hana duk wani gyara kamawa nan gaba. Da muka gama wannan mataki sai launin ya fito: baƙi a gefe, ja-ja a tsakani, ruwan zuma a tsakiya, har ana ganin zanen katakon ta ciki. Wannan ne mai fentin mota ya so ya binne.

Fuskar wuya, inda yatsu ke takawa, ita ta fi cin lokaci. Tata da wani katako mai duhu aka yi, wanda Faransawa ke kira palisandir, kuma ba a yi masa fenti, shi ya sa yake shan gumi. Dattin da ya taru a gindin kowane ƙarfe muka kankare shi da gefen tsohon katin roba, wuƙa ko reza ba su da aiki a nan. Daga nan muka rufe katakon da salatif muka bar ƙarafan a waje, muka goge su da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, wanda ya sha bamban da na wanke tukunya. Ƙarafan nan haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, shi ya sa suke yin kore idan sun daɗe cikin laima, da guga kaɗan kuma sai su yi fari. Kafin a kusanto da soson ƙarfe tilas a rufe makiro, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, domin ɓurɓushin ƙarfe gare su yake gudu, fitar da shi kuwa sai an sha wuya. A ƙarshe muka ɗiga wa katakon ɗigo kaɗan na farin man farafin na kantin magani, wanda ba kananzir ba, muka bar shi 'yan mintuna, muka goge duk abin da bai shiga ba. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin suna yin ɗoyi da danƙo. Idan kuwa fuskar wuyan farin katako ce mai sheƙi, to fenti ne a kanta, tsumma mai laima ya ishe ta, ba ta bukatar mai ko soso.

Sai ƙarafa. Jaki da kunnuwan ɗaure tsirkiya muka kwance su, muka bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. Ɗigon tsatsar da ke kan farin ƙarfe muka murza da takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa, ita tana cire tsatsa ba ta karce ƙarfen sosai. Kusoshin da suka yi ja muka jiƙa cikin binega na 'yan awoyi, muka ɗauraye da ruwa mai bikarbonat don kashe tsamin, muka shanya suka bushe ƙarau, muka shafa musu man keken ɗinki. Ba a barin ƙarfe mai rufin sheƙi ya daɗe cikin binega, sai rufin ya ɓare. Makiro kuwa busasshen tsumma kaɗai ya gani, domin a cikinsa akwai wayar jan ƙarfe da ba ta fi gashin kai kauri ba, an naɗe ta zagaye dubbai, idan ta tsinke a wuri ɗaya murya ta tafi. Akwatin muka kakkaɓe, muka goge, muka bar shi a buɗe a inuwa mai iska kwana da kwanaki, da gawayi a ƙulle cikin tsumma don ya sha warin. Ita jitar ba a shanya ta a rana ko kaɗan, zafi yana tsaga fenti ya sassauta gam.

Aikin ya ɗauke mu maraice 9. Da datti ya kau sai wasu abubuwa suka bayyana waɗanda ba datti ba ne. A saman makiro akwai wani ɗan wuri da fenti ya dushe, faɗinsa bai fi kwabo ba. A gefen gangar jiki, inda damtse ke gogawa, sheƙin ya tafi. A baya akwai karce-karcen kan bel, a kai kuma wata 'yar ƙuna baƙa. Duk ana iya ɓoye su da fenti, muka bar su. Ranar da matar marigayin ta zo dubawa tare da autarta, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ɗora yatsa a kan wurin da ya dushe ta ce: “'Ya'yana, nan ne yake aza babban yatsansa.” Ta nuna ƙunar ta ce ta taba ce, tun kafin ya daina sha. Yarinyar, wadda ba ta taɓa ganin mahaifinta da jita a hannu ba, ta ce, “Inna, ashe da gaske ne.” Muka ce, “Hajiya, in kina so a rufe su, akwai mai iyawa.” Ta ce a bar su.

Masu sanin kasuwar wannan kaya ma ra'ayinsu ke nan. Tsohuwar jita mai fentinta na asali, ko da ya dushe, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba. Abin har ya kai tun 1995 kamfanin Fender yana sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da su da gangan, da karce da dushewa, a farashi mai tsada, kuma mai saye ya san sababbi ne. To abin da wasu ke biyan kuɗi a kwaikwaya musu, ita wannan ta same shi ta hanyar shekarun da mai ita ya yi yana neman abinci da ita.

Wankin ya fito da wani abu kuma. A bayan jita, inda wuya ya haɗu da jiki, akwai ɗan farantin ƙarfe da tsatsa ta rufe. Da ya fita sai ga lamba, ta fara da harafin G da 76. Dattijon nan mai gyara ya bayyana mana cewa kamfanin Ibanez, wanda sunansa ne a kanta, ya fara irin wannan lamba a tsakiyar shekarun 1970, harafi yana nuna wata, lambobi biyun farko suna nuna shekara. Ke nan an ƙera ta a Japan a watan Yulin 1976. Jitocin Japan na wancan zamani suna da masu nemansu a yau saboda ingancin aikinsu. Da an bi shawarar saurayin nan, da an kankare sunanta na gaskiya mai daraja an manna na ƙarya, wanda duk masani zai gane da kallo ɗaya, sai a tashi ga algus ga asara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dattijon ya duba wayoyin ciki, ya daidaita wuya, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi. Wani maɓalli guda da ya mutu ya canja shi, muka sa tsohon a ambulan muka ajiye cikin akwati. Muka rubuta a takarda duk abin da aka yi mata da duk aibin da ya rage, har da wata 'yar tsaga a farantin roba. Mutum biyu masu sani suka yi mata kuɗi, kowa daban, magada suka amince a sayar. Wanda ya saya ya karanta takardar kafin ya biya, kuma abin da ya biya ya ninka tayin dillali fiye da sau 15. Aka zuba kuɗin cikin gado, yaran biyu suka ci gaba da karatunsu da rabonsu.

Ga wanda Allah ya sa irin wannan kaya yake hannunsa, ajiya mai kyau ta fi gyara sauƙi. Katakon kayan kiɗa ya fi son iska mai laima tsaka-tsaki, kimanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Duwala, inda ruwan sama ke wuce milimita 3,500 a shekara, maƙiyin shi ne laima, don haka a riƙa buɗe akwati lokaci-lokaci, a nisanta shi da bango da ƙasa, a goge ƙarafa da busasshen tsumma. 'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa kuwa hunturu ne abin tsoronsu, domin bushewar iska tana sa katako ya tsuke har bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankar hannu, wani lokaci katakon ya tsage. Su sai su ajiye ta cikin akwati a ɗaki mai sanyi, nesa da taga da rufin kwano. Idan za a daɗe ba a taɓa ta ba, a ɗan sassauta tsirkiyoyin.

Wannan darasi bai tsaya kan jita ba. A gidajenmu akwai keken ɗinkin kaka, da akwatin katako na lefen uwa, da tasoshin tagulla, da littattafan da aka rubuta da hannu, kuma sau nawa muka ga an lalata irinsu da sunan gyara, an yi wa tsohon katako fentin mai, an goge tagulla da yashi har zanenta ya shafe. Kafin hannu ya kai ga sanfefa ko gwangwanin fenti, yana da kyau mutum ya tsaya ya tambayi kansa ko abin da yake gani datti ne da ya hau kayan daga waje, ko kuwa sawun waɗanda suka yi amfani da shi ne. Idan ya kasa rarrabewa ya nemi masani, musamman idan kayan na magada ne ba nasa ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana.